Daƙiƙa Huɗu

Shekara talatin da ɗaya ina ɗakin majigi,
can sama, inda zafin fitila ke gasa ƙeya,
a wata silima da ke gangaren Valparaíso,
wadda in iska ta taso daga teku
warin kifi da man jirgi kan shigo har kujerun gaba.

Akwai wani tsohon fim, baƙi da fari,
na haska shi sau ɗari uku, daga nan na bar lissafi.
Wa da ƙane ne, da jirgin kamun kifi guda.
Wan ya sa hannu a takarda da tsakar dare,
ya sayar da rabonsa, ya haɗa da na ƙanen,
ya dawo gida ya sha miyar da ƙanen ya dafa,
har yana cewa gishiri bai ji ba.
A nan mata kan ja tsaki cikin duhu.

Sai kuka. Jarumar ta iya kuka,
ɗigo biyu, kowane ido da nasa,
goge na tashi a bayanta kamar an biya shi.
An biya shi kuwa.
Ita ma ruwan kwalba ake ɗiga mata
kafin a ce a fara.

Amma a faifai na huɗu,
da 'yan sanda suka wurgo ƙanen kan titi
ya zube a bakin kasuwar kifi,
wata tsohuwa daga cikin masu wucewa,
ba ta cikin labarin, ba ta cikin jerin sunaye,
ta aje kwandonta, ta kwance mayafinta,
ta tusa masa a ƙarƙashin kai.
Ba ta san wasa ake yi ba.
Duba da kyau, za ka ga ɗan wasan ya buɗe ido ɗaya,
ya rasa abin yi.
Daƙiƙa huɗu. Sai aka yanke.

Baldomero, mai gidan, tare muka taso,
tare muka yi tallan gyaɗa a ƙofar nan.
Ya sha rantse mini da kabarin uwarsa:
Eleuterio, muddin ina numfashi fitilarka ba za ta mutu ba.
Ran Litinin wasu mutum biyu suka zo da igiyar awo,
suka auna daga allo zuwa ƙofa,
ɗayan ya ce mota arba'in za ta shiga.
Yana numfashi, na gan shi, har da sabon agogo.

Ya hawo matakala, karon farko cikin shekara goma,
ya rungume ni, ya ce zamani ne,
ɗigo biyu, kowane ido da nasa.
Na leƙa bayansa ko zan ga mai goge.

Daren ƙarshe mutum bakwai suka zo,
ɗaya barci ya kawo shi.
Da aka watse na ɗauko almakashi,
na yanke tsohuwar daga cikin zaren.
Tsawonta bai wuce gaba ɗaya ba.
Na naɗe ta a gwangwanin man takalmi.
Sata ce, na sani. A rubuta mini.

A ƙasa na tarar da Herminia mai shara,
wata biyu ba a biya ta ba,
tana share wurin da za a rushe gobe.
Ta dubi gwiwata mai ciwo, ta dubi akwatina,
ta jingine tsintsiya ta kama hannu ɗaya na akwatin.
Matakala ɗari da sittin zuwa gidana,
tana haki, tana zagin nauyin littattafaina.
Ba wanda ya kunna fitila. Ba goge.

Yanzu da hantsi nakan ɗaga zaren ta taga.
Hoto casa'in da shida, ƙanana kamar farce,
a kowanne tana ƙara sunkuyawa kaɗan.
A na ƙarshe bakinta a buɗe yake,
za ta tambaye shi wani abu.